Kuɗin tsaron arewa: kowane gidan labari da tiyar da yake awo da ita

Duk macen da ta taɓa sayen hatsi a kasuwa ta san tiya ba ɗaya ba ce. Akwai tiyar saye, akwai tiyar saidawa, akwai kuma wadda aka bubbuge ma gindi har cikinta ya ragu. Mai awo bai yi maki ƙarya ba, hatsin hatsi ne, ya kuma cika maki har da tozo, amma in kin koma gida kin sake awo sai ki tarar abin bai kai ba. To, haka labarin kuɗin tsaro yake iso ma jama'a a ƙasar nan. Tun daga tawayen Abzin na shekara ta 2007 har zuwa yaƙin iyakar Mali, duk lokacin da aka ce an fidda kuɗi domin tsare arewa, gidan rediyon gwamnati da tiyarshi, jaridar ƴan adawa da tata, gidajen rediyon ƙetare su ma da tasu. Kowa ya auna ya miƙo, kuma kowa na rantsuwa tashi ce ta gaskiya.

Wani zai ce mi ya haɗa mai saida tumatir da cinikin jirgin yaƙi? Aljihu ya haɗa su. Kuɗin bindiga da harsashi da motar soja ba daga sama suke faɗowa ba. Suna fitowa daga duwan da aka biya a Ɗan Isa ko Ƙonni ko Gaya, daga harajin TVA na kashi 19 cikin 100 da ke ɓoye cikin kuɗin sabulu da atamfa, daga lampon da mai kanti ke biya kowace shekara. Wanda ya biya yana da hakkin ya ji inda kuɗinshi suka shiga. Tun da yake ba shi iya zuwa ma'aikatar tsaro ya ce a buɗe mashi littafi, ɗan jarida ne idonshi a can, kuma in idon nan ya karkace, duk abin da zai gani a karkace zai gan shi.

Ƴan fashi ne ko ƴan tawaye?

Ranar 8 ga watan Fabrairu na 2007 wasu mutane ɗauke da makamai suka kai hari ga sojojin da ke Iferwan, cikin duwatsun Abzin, suka kashe soja uku. Ƙungiyar da ta ɗauki alhakin abin ta kira kanta MNJ, shugabanta Agali Alambo. Ta ce tana neman a ba mutanen arewa rabonsu cikin arzikin ƙarfen uraniyom da ake haƙowa a Arlit, a kuma cika alkawurran sulhun 1995. Shugaba Tanja Mamadu ya ce shi bai san da wani tawaye ba, abin da ya sani ƴan fashi ne da masu fataucin ƙwaya, kuma ba a zama a yi shawara da ɗan fashi.

Daga nan rigimar suna ta tashi. In ka kama Voix du Sahel ko Télé Sahel, ko aka karanta maka jaridar Le Sahel, ƴan fashi za ka ji. In ka murɗa akwatin zuwa gidajen waje, ƴan tawayen Abzinawa za ka ji. Mai saurare zai ɗauka gardamar malamai ce a kan kalma, alhali kalmar nan ita ke buɗe bakin baitulmali. In ƴan fashi ne, magana ta ƙare: aikin soja ne kaɗai, abin da soja ya nema a ba shi, wanda ya tambayi lissafi kuma ya zama abokin ɓarawo. In kuwa tawaye ne, to akwai siyasa a ciki, akwai zama, akwai damar wani depite ya miƙe a majalisa ya ce shin kuɗin nan da za a zuba ga makamai, ba su fi amfani ga hanya da rijiya da likita a jihar Agadas ba? Wanda ya zaɓar maka kalmar ya riga ya zaɓar maka inda kuɗin za su tafi, tun ba ka sani ba.

Ƴan MNJ sun gane amfanin labari da wuri. Suna da wayar tauraron ɗan Adam, suna kiran gidajen rediyon waje, suna fidda sanarwa da hotuna ta intanet. Cikin watan Yuni na 2007, bayan harin Tizirzet, suka ce sun kashe soja 15 sun kama 72. Gwamnati, maimakon ta riƙa fitowa da nata bayanin da sauri, sai ta zaɓi ta toshe bakin masu magana. A ƙarshen watan nan hukumar sadarwa ta CSC ta dakatar da jaridar Aïr Info ta Agadas wata uku. Cikin Yuli ta rufe RFI a kan FM wata guda. Cikin Agusta ta hana gidajen rediyo da telebijin yin muhawarar kai tsaye a kan rikicin arewa, kuma ranar 24 ga watan aka saka jihar Agadas cikin dokar ko-ta-kwana, wadda aka yi ta sabuntawa har ƙarshen 2009. Ranar 20 ga Satumba aka kama Musa Kaka, shugaban rediyo Saraounia kuma wakilin RFI, bisa zargin haɗa baki da ƴan tawaye saboda hirarrakinshi da su ta waya. Sai ranar 7 ga Oktoba na 2008 ya fito daga gidan kaso, bayan kwana 384. Ibrahim Manzo Diallo na Aïr Info shi ma ya yi kimanin wata huɗu a tsare. Cikin Afrilu na 2008 aka rufe Sahara FM, muryar da mutanen Agadas suka fi saurare.

Kada a ɗauka gidajen waje tiyarsu ba ta da lanƙwasa. RFI ta gwamnatin Faransa ce, kamfanin Areva da ke haƙar uraniyom a wancan lokaci shi ma na gwamnatin Faransa ne, kuma daidai lokacin ne Yamai ke zargin Areva da taimakon ƴan tawaye, har ta kori shugabanta na Nijar, Dominique Pin, cikin Yuli na 2007. Daidai lokacin ne kuma ake cinikin farashin ƙarfen, wanda ya tashi daga sefa 27,300 zuwa 40,000 kilo guda. Duk ɗan kasuwa ya san in ana tsakar ciniki, maganar dillalin abokin ciniki sai an tace ta. Ban da haka, jaridun Turai na son hoton mai rawani a kan tudun rairayi da bindiga a kafaɗa, domin shi ke saida takarda a can. Ɗan sojan da aka ɗauko daga Tasawa ko Madawa ya mutu a kan nakiya, da uwarshi mai saida ƙosai, ba su cika shiga hoton ba. Wannan gaskiya ce. Amma ba ta zama hujjar kulle mutum shekara guda saboda ya yi waya da ɓangare na biyu, tun da aikin ɗan jarida ke nan.

Su wa suka sha wuyar wannan duhu? Mutanen hanya da na kasuwa. Mota ba ta bin hanyar Agadas zuwa Arlit sai da rakiyar soja. Albasa da dankalin garaken Abzin suka rasa hanyar fita yadda aka saba. Baƙin yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, maƙeran azurfa da dukawa da masu masauki suka zauna hannu rabbana. Ranar 10 ga Disamba na 2007 nakiyoyi suka tashi cikin garin Maraɗi da na Tawa suka kashe mutum biyu, kuma ranar 8 ga Janairu na 2008 wata ta tashi da motar Abdu Mahaman, shugaban rediyo R&M, a unguwar Yantala ta Yamai. Gwamnati ta ce MNJ ce ta dasa, MNJ ta ce ba ita ba ce. Cikin Disambar nan kuma aka kashe fararen hula bakwai a wajen Tigidit, cikinsu har da ƴan kasuwa. Gwamnati ta ce tsautsayi ne, sun faɗa tsakiyar musayar wuta, ƙungiyoyin kare hakkin ɗan Adam na duniya suka ce sojoji ne suka kashe su bayan sun tsare su. Wanda zai je wurin ya duba ya dawo ya gaya mana, ko yana kaso, ko an hana shi shiga jihar.

Cikin duk wannan hayaniya, ana ƙirga gawa ana gardamar suna, tambayar kuɗi ba ta samu wurin zama ba. Nawa yaƙin ke ci a wata? Wa ke samun kwangilar kawo motoci da mai da abincin soja? Mai goyon bayan gwamnati na ganin tambayar cin amanar ƙasa ce, mai goyon bayan ƴan tawaye kuma ba ita ce damuwarshi ba. A ƙarshe, cikin watan Mayu na 2009, shugaba Tanja ya zauna da wakilan mutanen nan a Agadas, Libiya ta shiga tsakani, suka ajiye makamai, cikin Oktoba aka yi masu afuwa. Gidajen da suka shekara biyu suna cewa ƴan fashi suka canza kalma ba tare da sun yi ma kowa bayani ba.

Miliyar 76 ko miliyar 12?

Shekara goma bayan haka, tambayar da aka ƙi yi ta dawo da kanta, kuma da jini ta dawo. Wannan karon wutar ba a Abzin take ba, tana arewacin jihar Tilaberi, bakin iyakar Mali. Ranar 10 ga Disamba na 2019 aka kashe soja 71 a barikin Inates. Ranar 9 ga Janairu na 2020 aka kashe 89 a Shinagodar. Cikin wata guda ƙasa ta rasa ƴaƴanta 160. Ana cikin wannan makoki sai labari ya fito cewa binciken da sufetocin soja suka yi a ma'aikatar tsaro, zamanin minista Isufu Katambe, ya gano ɓarna mai yawa cikin kwangilolin sayen kayan yaƙi na shekarun baya.

Rahoton farko ya ce ƙasa ta yi asarar sefa miliyar 76: kimanin miliyar 48 na ƙarin farashi a kan faktir, da kusan miliyar 28 na kayan da aka biya ba a kawo ba. Bari mu maida shi lissafin kasuwa. Miliyar guda jika miliyan ɗaya ce, ke nan ana maganar jika miliyan 76. A ɗauka buhun hatsi jika 25 ne, kuɗin nan sun sayi buhu miliyan uku da ɗoriya. Dabarar kuwa ba baƙuwa ba ce ga mai ciniki. Kwangilar kayan soja ana ba da ita ne a asirce, ba a kiran ƴan takara su yi gasar farashi, ana cewa sirrin tsaro ne. Sai ɗan kwangila ya tsaya tsakanin ma'aikata da kamfanin da ke ƙera kayan, ya ɗora abin da ya ga dama a kan farashi, wani lokaci ma takardun gasar na bogi ne, kamfanonin da suka yi takarar duk na mutum guda. Ƙungiyar ƴan jarida masu bincike ta OCCRP, cikin Agusta na 2020, ta baje wasu daga cikin takardun, har da na jirage biyu masu saukar ungulu ƙirar Rasha da aka saya a 2016 kan kuɗin da masu binciken suka ce ya zarce farashinsu nesa ba kusa ba.

Cikin watan Yuni na 2020 kuma sai alƙali mai shigar da ƙara na Yamai ya fito da wani lissafin. Ya ce bayan an saurari ƴan kwangilar sun kawo hujjojinsu, ƙarin farashin ya tsaya a miliyar 12.1, kayan da ba a kawo ba kuma sun kai na miliyar 18 da rabi. To a nan ne kowane gida ya jawo tiyarshi. Masu kusa da gwamnati suka riƙe 12, suna nanata cewa shugaba Isufu Mahamadu da kanshi ya sa a yi binciken, rahoton farko kuwa na wucin gadi ne, ba a dogara da shi. Masu kusa da adawa suka riƙe 76 kamar ba a taɓa fidda wani lissafi bayanshi ba, wasu ma suka ƙara nasu, sunaye na yawo a WhatsApp, na mai laifi da na wanda ba a kama da komi ba. Zaɓen shugaban ƙasa na tafe ranar 27 ga Disamba, kowa na neman sandar dukan abokin hamayya.

Lissafin nan biyu duka suna cikin takardun hukuma, ba wanda ɗan jarida ya ƙirƙira. Son kan yana wajen ɗaukar ɗaya a ɓoye ɗayan. Aikin da ya kamata a yi ma mai saurare shi ne a ajiye mashi su biyun, a ce ga 48 ta koma 12, a bi kwangila ɗaya bayan ɗaya a nuna wace hujja ce ta rage ta, wa ya karɓi hujjar, kuma da wane farashin aka gwada. Ko a kasuwa, in aka ce yaron shago ya ci jika 48, aka zauna da shi aka tashi a jika 12, mai shagon zai so ya ji yadda aka yi 36 suka narke. Ƙila bayanin na da kyau, ƙila ba shi da. Amma wannan aiki na son haƙuri da sanin lissafi, kuma ba shi faranta ma kowane ɓangare, shi ya sa masu yin shi ba su da yawa.

Abin lura, kujerun sun juya. A 2007 MNSD ke mulki, PNDS na adawa. A 2020 PNDS ke mulki, wasu daga cikin manyan zamanin Tanja, irin su Hama Amadu, na adawa. Alƙaluman da jiya ke cewa a yi bayani, yau su ke cewa a yi hattara kada a karya ma soja gwiwa, waɗanda jiya ke cewa a yi shiru kuma yau su ne masu ihu. Gidajen gwamnati kaɗai ba su canza ba, domin su kullum bayan mai riƙe da kujera suke.

Ƴan kasuwa sun biya wannan rigima da rayukansu. Ranar 15 ga Maris na 2020 ƙungiyoyin fararen hula suka kira gangami a Yamai domin neman a kai maganar gaban shari'a, tun da gwamnati ta fara nuna cewa biyan kuɗin ya wadatar. Hukuma ta hana taron, ana maganar cutar korona. Jami'an tsaro suka harba hayaƙi mai sa hawaye, wuta ta kama a kasuwar Tagabati, mutum uku aƙalla suka mutu, dukiya ta ƙone. Ƙungiyar Amnesty da masu gangamin suka ce gwangwanin hayaƙin ne ya tada gobarar, hukuma ta ɗora alhakin ga waɗanda suka kira taron, aka kama su. Uku daga cikinsu, Maikul Zodi da Mudi Musa da Halidu Munkaila, sai ƙarshen Satumba suka fito. A ranar ma labarin biyu ya rabu: wani gidan ya ce haramtaccen taro ya jawo gobara, wani ya ce an kashe masu neman gaskiya. Masu rumfunan da suka wayi gari ba jari, an ambace su kwana biyu aka wuce.

Ƴan jaridar da suka matsa sun ɗanɗana. Samira Sabu ta shiga kaso ranar 10 ga Yuni na 2020, bayan ƙarar da ɗan shugaban ƙasa ya shigar a kan wani rubutunta na Facebook game da binciken, kotu ta sallame ta ranar 28 ga Yuli. Musa Aksar na jaridar L'Événement, wanda ya bi sawun kuɗin har bankunan waje cikin Satumba na 2020, kotu ta ci shi tara cikin Mayu na 2021 bisa laifin ɓata suna. Wannan duk a ƙasar da ta soke ɗaurin ɗan jarida kan laifin alƙalami tun 2010. Dokar laifukan intanet ta 2019 ce ta buɗe ƙofar baya. A farkon 2022 kuma aka ji gwamnati ta janye daga neman diyya a gaban kotu, bisa hujjar cewa ta daidaita da ƴan kwangilar a kan biyan kuɗin.

Wa ke ciyar da mai labari?

Tsoro rabin bayanin ne, ɗaya rabin ciki ne. Jarida mai zaman kanta a Nijar ba ta rayuwa da kuɗin masu saye. A shekarun 2000 galibinsu mako-mako suke fitowa, ana saida su wajen dala 60, masu iya karanta Faransanci kaɗan ne, kuma kwafi guda mutum goma ke karanta shi a gindin bishiya. Talla kuwa tana hannun ma'aikatun gwamnati da kamfanonin waya da manyan attajirai ƴan ƙalilan, cikinsu har da masu samun kwangilar gwamnatin. Ɗan rahoton da albashinshi bai isa ba, ko ba ya zuwa kan lokaci, in aka kira shi taro aka ba shi kuɗin mota a ambulan, da wane bakin zai tambayi mai ambulan ɗin nawa ya saida ma soja taya? Ba mu ce kowa haka yake ba. Akwai waɗanda suka ƙi, kuma mun ambaci sunayen wasu a sama tare da kwanakin da suka yi a tsare.

Kuɗin tallafa ma jaridu su kansu sun taɓa zama abin shari'a. Cikin Yuni na 2008 aka kulle tsohon firaminista Hama Amadu a Kutukale bisa zargin karkatar da sefa miliyan 100 na asusun taimakon jaridu, zargin da ya musanta ya ce siyasa ce. Ko mi ne ne gaskiyar wannan shari'a, ta nuna ma kowa cewa tsakanin fadar gwamnati da ɗakunan labarai akwai hanyar da kuɗi ke bi.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun ga abin a fili fiye da mu, kuma labarinsu ya shafe mu, tun da Boko Haram ɗin da aka ce za a saya ma makamai domin a yaƙe ta, ita ce ta ƙetaro ta auka ma Boso da Difa cikin Fabrairu na 2015. A ƙarshen shekarar aka kama Sambo Dasuki, mai ba tsohon shugaba Jonathan shawara kan tsaro, bisa zargin karkatar da dalar Amurka biliyan 2.1 na sayen makamai. Da aka bi sawun kuɗin ofishinshi sai aka tarar wasu sun shiga gidajen labarai. Mai jaridar ThisDay, Nduka Obaigbena, ya amsa cewa ya karɓi naira miliyan 670. Ya ce miliyan 550 diyyar bam ɗin da aka tayar a ofisoshin jaridarshi ne a 2012, miliyan 120 kuma na jaridu 12 ne da sojoji suka ƙwace ma kaya a hanya cikin Yuni na 2014. Wasu jaridun suka ce ba su ga ko kwabo ba, wasu suka maida. Mai gidan telebijin na AIT, Raymond Dokpesi, an kai shi kotu kan naira biliyan 2.1, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi a 2021. Ko an kira shi diyya ko an kira shi kuɗin talla, daga ofishin da ya kamata jaridun su sa ma ido ya fito.

Bayan juyin mulkin 2023

Tun daga ranar 26 ga Yuli na 2023 da sojoji suka karɓi mulki, wasu ƙofofin sun ƙara rufewa. Cikin Agusta na shekarar aka katse RFI da France 24. Cikin Janairu na 2024 aka dakatar da shugabannin gidan ƴan jarida na Maison de la Presse. Cikin Yuni na 2024 aka maido da hukuncin ɗauri cikin dokar laifukan intanet, wanda aka cire a 2022. Cikin Disamba na 2024 aka dakatar da BBC wata uku, gwamnati ta ce ta ba da lissafin mamata na ƙarya mai karya ma soja gwiwa. Duk mai rumfar da ya saba kafa akwati a gefen sikeli da safe ya san abin da wannan ya rage mashi.

Hukumomin na da hujjarsu, kuma ba a banza take ba: ƙasa na cikin yaƙi, abokin gaba na saurare, wasu gidajen waje kuma na ƙasashen da muka ɓata da su ne. Ba wanda ya ce a faɗa a rediyo inda aka girke soja ko ranar da ayari zai tashi. Amma farashin takalmin soja da litar gazuwal da buhun shinkafar bariki ba sirrin yaƙi ba ne, kuma abin da ya faru kafin 2020 ya nuna cewa a ƙarƙashin wannan sirrin ne aka ci kuɗin, sojan da ake cewa ana karewa shi ya kwana a ciki. Sabbin hukumomin sun kafa COLDEFF a 2023 domin ƙwato dukiyar ƙasa da aka sace. Ranar 23 ga Fabrairu na 2024 kuma suka sa hannu kan dokar da ta fidda sayen kayan tsaro daga ƙa'idojin kwangilar gwamnati da na haraji da na lissafin baitulmali, abin da masu yaƙi da cin hanci na cikin gida suka yi kuka a kai. Gidan da ya ba ka labarin farko ya ɓoye na biyu, ko ya ba ka na biyu ya ɓoye na farko, ka san irin tiyar da ke hannunshi.

Kuma yanzu hannun talaka cikin kuɗin tsaro ya fi fitowa fili. Cikin Oktoba na 2023 aka buɗe asusun ceton ƙasa na FSSP, aka ɗora ɗan abin da ake cirewa a kan kiran waya da tikitin mota, ban da gudummuwar da ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na mata da na direbobi suka yi ta kaiwa da hannunsu, ana nuna su a telebijin. Jama'a sun bayar da zuciya ɗaya, domin ƴaƴansu ne a bakin daga. Ranar da aka karanto jerin waɗanda suka zuba da abin da kowa ya zuba, sai a saurara a ji ko za a karanto jerin abin da aka saya, guda nawa, a kan nawa, daga hannun wa, kuma ya iso bariki ko bai iso ba. A kuma lura da gidan da ya yi tambayar, da wanda ya sa kiɗa ya wuce zuwa labarin wasanni.